Giyar Biki da Giyar Makoki

A ƙauyenmu na gaɓar kogin Marne, in aka haifi 'ya mace, uban yakan ware kwalaben giyar shampen mai kumfa daga inabin shekarar, ya kife su a ɗakin ƙasa, ba mai taɓa su sai aurenta ya zo. Dattawa suna cewa haka aka gada tun kaka da kakanni. Ni dai na bi tsofaffin takardu, ban ga alamar al'adar ta haura shekara tamanin ba. Amma a bar su, kowa na son a ce abin da yake yi ya tsufa.

Firmin, mijin Odile, jeri biyu ya kife, kowanne kwalba ɗari biyu: ɗaya a gindin matakala, ɗaya can cikin ƙurya. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mata bayani, yana ɗaure igiyar takalmi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ɗaya ta bikin Solène ce. Ɗaya ta ranar da za a binne ki. Ni zan riga ki, in na tafi a ba mutane ta yau da kullum, ba za su gane ba."

Ta jefe shi da tsumman goge tebur. Bai yi ƙarya ba kuwa, ya riga ta. Ya faɗi a gona yana yi wa kurangar inabi aski, shekara biyu ke nan. Aka ba mutane ta yau da kullum, ba su kuwa gane ba.

Yanzu ga auren 'yarsu Solène ya matso, an sa watan Yuli. Ranar Litinin ta farkon Afrilu Odile ta sauka da tocila don ta karanta allunan da Firmin ya jingina a kan kowane jeri. Ta san ya yi rubutu da alli. Ta haska na farko, ta tarar baƙar funfuna ta cinye shi tas. Ta haska na biyu, ta ga ɗan fari-fari, ta goga da babban yatsa don ya fito sosai, sai ta share abin da ya rage. Ta tsaya riƙe da allo tana kallon yatsanta.

Odile ba mai camfi ba ce. Ita ce ke kife burodi a tebur da gangan don ta ga maƙwabta sun zabura, su da ke cewa hakan na jawo tsiya. Amma a ce ta tsiyaya wa baƙi giyar jana'izarta ranar auren 'yarta tilo?

Lokaci kuma ba ya jira. Giyar da ta daɗe a kife sai an fitar mata da lakar da ta taru a wuyan kwalba, a ɗiga mata ɗan sukari, a toshe, a bar ta ta huta wata uku kafin a sha. Edmond, ƙanin Firmin, shi kaɗai ya rage a dangi da ya iya fitar da laka da hannu, ya kuwa ce Alhamis zai yi, kafin gona ta taso masa. In aka wuce makon, a manta.

Ranar Talata da hantsi suka sauka su uku: Odile, da Edmond, da Anselme baban ango. Ba wanda ya gayyaci Anselme. Ya ji labari a bakin ɗansa Basile, ya tuƙo motarsa daga ƙauyensu na kan tudu, inda farin inabi kawai suke nomawa, suna kallon baƙin inabinmu kamar ɗan riƙo. An ce hancinsa na iya faɗa maka gonar da aka tsinko inabi da ranar da aka tsinko shi. Ni dai ban taɓa ganin an gwada shi da kwalbar da ba ta da takarda a jiki ba.

"Matar Yaya," in ji Edmond yana ɗaura gyauton fata, "shekara talatin da huɗu kina kwana da mutum, ba ki taɓa tambayarsa wanne ne wanne ba?"

"Kai da kuka sha nono ɗaya, ka tambaye shi?"

"Ni lokacin ina soja, ina fere wa gwamnati dankali."

"Har yau ma shi ne iyakar abin da ka iya. Buɗe mana."

Ya zaro ɗaya daga jerin gindin matakala, kanta a ƙasa. Ya juyo ta a hankali yana kallon 'yar iskar da ke hawa, kafin ta taɓa laka ya fizge murfin. Fau! Lakar ta yi tsalle ta manne a farin bangon alli, ya danne bakin kwalba da babban yatsa.

"Edmond! Bangon fa? Ina gangar da ake harbawa ciki?"

"Tana sama, wa zai sauko da ita saboda kwalba ɗaya? Gadon gidanmu ne, babanmu ma bango yake harbi."

Ya tsiyaya a kofuna uku. Launinta kamar zinariya, kumfa ƙanana suna hawa a jere ba gaggawa. Ƙamshin burodi mai zafi da zuma ya cika wurin. Anselme ya lumshe ido, ya tsoma hanci, ya daɗe har Odile ta ɗauka barci ya sace shi.

"Shekarar rana," ya ce.

Wannan ba ya bukatar hanci. Duk wanda ya girma a nan ya san shekarar rana, wadda inabi ya nuna har tsuntsaye suka bugu. Ita ce ta biyo bayan shekarar da aka haifi Solène.

Suka ƙarasa ƙurya, inda kwan lantarki ba ya kaiwa. Edmond ya sake harbin bango a cikin duhu, suka dawo haske da kofuna. Wannan kumfarta kamar an tashe ta daga barci. Odile ta kurɓa, ta ji haƙoranta sun mutu, kamar ta ciji ɗanyen lemon tsami. Anselme ya juya ya tofar a magudana.

"Shekarar ruwa," ya ce yana goge baki. "Ashe akwai wanda ya ajiye wannan?"

Ita ma kowa ya san ta. Mako uku ana sheƙa ruwa, inabi na ruɓewa a jikin kuranga, masu tsinka suna nutsewa a taɓo har gwiwa. A tsakiyar wannan ne, ranar sha tara ga Satumba, Odile ta haifi Solène.

"To, magana ta ƙare, Maman Solène," in ji Anselme. "Ta gindin matakala ta biki ce."

"Amma al'ada ta ce shekarar haihuwa, Baban Basile."

"In shekarar ta yi. In ba ta yi ba, a ɗauki ta gaba. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani" ita ce maganar da ake ɗaukowa in hujja ta ƙare, Odile ma ta san haka. Ta dubi Edmond, ko zai saɓa wa Anselme kamar yadda ya saba. Yau kam sai ya gyaɗa kai.

"Na san Yaya, ba ya zubar da alheri a ƙasa. Mai makoki harshensa a mace yake, ko ruwan wanki ka ba shi zai ce an gode. Mai tsamin nan taki ce, Matar Yaya. Kuma ta dace da ke. Ko a akwatin gawa kika ji ƙamshinta sai kin tashi kin yi faɗa."

"Allah ya sa kai za a fara ba wa, in ga fuskarka."

Anselme bai yi dariya ba. Ya ce shi ba ya son shiga sha'anin gidan mutane, amma danginsu arba'in ne za su sauko daga tudu, kowanne da hancinsa, kuma abin da aka sha a biki ana tuna shi bayan an manta rigar amarya. Ya ɗaga hula ya haye matakala.

Odile ta wuni tana juya abin. In Firmin ya ajiye wa 'yarsa mai tsami, to ya shirya mata abin kunya a gaban surukai. In kuwa ita ya ajiye wa, to bayan shekara talatin da huɗu abin da ya ga ta cancanta ke nan, giyar da baƙo ya tofar. Ko ta ina ta bi sai ta ci karo da Firmin ɗin da ba ta sani ba. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Da yamma ta kira Solène, wadda ke aikin jinya a birnin Reims.

"Mama, duk kumfa ce. Ki zaɓi wadda ba za ta sa Baban Basile ya yi mana wa'azi ba."

"In na zuba ta jana'izata fa?"

"Ke da kike kife burodi?"

"Burodi daban."

"Da me ya bambanta?"

"Ban sani ba! Ke babanki bai taɓa gaya miki komai ba?"

"Baba? Mutumin da in ya ce 'to' ya yi doguwar hira? Mama, ana kirana, wata tsohuwa ta cire ƙarin ruwanta. Ki yi abin da Baffa Edmond ya ce."

Ta kashe waya. Mutum uku sun ce gindin matakala, in aka haɗa da Solène da ba ta damu ba. Odile ta ce wa kanta shi ke nan, gindin matakala. Ta faɗa da ƙarfi a cikin kicin don ta ji yadda zai zauna a kunne. Bai zauna ba.

Laraba da safe ta ɗauki bokiti da buroshi ta sauka, don ba za ta bar ƙazantar Edmond a bango ba. Na gindin matakala tabo ɗaya ne a kan farin bango, ta goge shi nan da nan. Ta ja bokiti zuwa ƙurya, ta jingina tocila a kan kwalabe. Ga na jiya nan, bai gama bushewa ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Gefensa akwai wani, gefen wannan akwai wani, jere har kusurwa, wasu ruwan ƙasa, wasu sun yi baƙi don tsufa.

"Ƙazaman banza," ta ce, "gida ɗaya, hali ɗaya."

Ta tsoma buroshi ta ɗaga, ruwa na bin hannun rigarta. Sai ta lura na Edmond ya fi sauran tsawo da kusan taƙi ɗaya. Edmond dogo ne. Sauran duk a layi ɗaya suke, daidai ƙirjin gajeren mutum irin Firmin.

Ta ajiye buroshi ta ƙirga. Ashirin da bakwai. Ta sake, ashirin da biyar. Ta cire tabarau ta goge, ta rufe na Edmond da tafin hannu, ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Ashirin da shida. Solène na da shekara ashirin da shida babanta ya rasu.

Ta koma gindin matakala ta haska bangon sama da ƙasa. Ba komai sai inda ta wanke.

Nan ta zauna a kan matakala. Sha tara ga Satumba kullum a tsakiyar tsinkar inabi take faɗowa, lokacin da namiji ba ya samun sukunin fyace majina. Amma duk shekara, dab da a zuba wa ma'aikata miyar kabeji da naman alade, sai a nemi Firmin a rasa. Ta sha yi masa faɗa a kan haka. Bayan kwata ɗin awa sai ya ɓullo da fuska a yamutse, ya sumbaci yarinyar a ka, ya zauna ya ce, "Da saura." Ba ta taɓa tambayarsa saura me ba. Mace mai ciyar da mutum talatin ba ta da lokacin tambaya.

Alhamis Edmond ya zo da ganga da buhun abin toshiya. Ta ja shi ƙurya ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, yana sosa ƙeya.

"Wannan bai nuna komai ba, Matar Yaya. Ba a kai lafiyayye asibiti. Ya san rarrauna ce, yana duba ko ta mutu."

"Sau ashirin da shida? Ranar haihuwarta?"

"Kin ga kwanan wata a bango?"

"A'a."

"To. Kuma ko na yarda, ke da bakinki kika ce kullum da fuska a yamutse yake fitowa. Shi kansa bai gamsu ba. Da yana nan yau, wa ya sani, ƙila ya ce a bar ta a ɗauko ta rana."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Ta dubi jerin gindin matakala, ta dubi na ƙurya. Ta tuna mutum arba'in masu hanci. Ta ji kamar ta ce ya buɗe rabi-rabi, sai ta tuna rabin giyar makoki ma giyar makoki ce.

"Buɗe ta ƙurya," ta ce.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Buɗe."

"Sukari fa? In cika mata ya rufe asiri?"

"Yadda Yayanka zai sa."

"Shi ai marowaci ne, ɗigo yake sawa."

"To ɗigo."

Ba ta iya tsayawa kallo ba. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Reims gwajin rigar amarya. Edmond ya gama, ya kwashe kwalaben zuwa ɗakin ƙasansa su huta. Ita kuwa wata uku ba ta sake taka matakalar ba, ba ta kuma gaya wa Anselme komai ba. Duk sanda ya kira ya tambayi "giyarmu", sai ta ce tana hutawa.

Ranar biki aka fito daga ofishin magajin gari, aka shiga coci, aka fito, aka taru a tsakar gidan Odile da la'asar. Rana ta buɗe. Aka jera kofuna a kan dogayen tebura, aka fara jin fau, fau. Odile ta tsaya kusa da rijiya, sabon takalmi na cizon ta, tana kallon hanci arba'in suna sauka cikin kofuna arba'in a lokaci ɗaya.

Anselme ya lumshe ido. Ya daɗe. Sannan ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Jama'a, ku sha a hankali. Wannan shekarar rana ce. Ni na zaɓe ta da kaina a ɗakin ƙasan marigayi, a cikin Afrilu. Na ce ba uban da zai ajiye wa 'yarsa abin da bai kai wannan ba. Ku ji burodin nan, ku ji zumar nan!"

Mutanen tudu suka gyaɗa kai. Wata gwaggon ango ta ce ita tun daga launi ta gane. Aka tafa.

Odile ta kurɓa. Tsamin yana nan, ko kuwa ba ya nan? Ya yi laushi, ya koma kamar na tuffa. Ta sake kurɓa, sai ta ji kamar burodi. Ko don an ce burodi ne? Ta nemi Edmond da ido, ta hango shi bayan tebur, ya ɗaga mata kofi ya kashe ido ɗaya.

Wannan kashe idon na mene ne? Ya yi abin da ta ce ne, ko ya ga tsohuwa ta rikice ya yi abin da ya ga dama da ta juya baya? Mutum ɗari da hamsin suna shan lafiyar amarya, kuma ƙila da giyar jana'izarta suke sha.

Ta ajiye gaisuwar da ake yi mata a rabi, ta zagaya ta bayan kicin, kofi a hannu. Ta sauka matakala tana dafa bango.

Jerin gindin matakala yana nan, a kife, ƙura ta lulluɓe shi, gurbi ɗaya kawai ya yi giɓi. Ta wuce ƙurya da tocila. Babu ko kwalba, sai katakan shimfiɗa, da bango mai tabo ashirin da shida da na Edmond a samansu.

Ta dawo ta tsaya gaban jerin da ya rage. Sai a lokacin abin ya iso mata, wanda wata uku tana tsallake shi. Shekarar rana, wadda ba a sake yin irinta ba, wadda ko sau ɗaya Firmin bai buɗe ya rage mata kwalba ba, ita Odile ya ajiye wa. Mutumin da bai taɓa ce mata rigarta ta yi kyau ba.

"Tsohon banza," ta ce a hankali. "Ni da ba zan sha ba."

"Mama? Ana nemanki, za a yi hoto."

Solène ce, ta tattaro farar riga a hannu biyu tana saukowa a karkace. Odile ta kama hannunta ta kai ta ƙurya, ta haska bangon, ta gaya mata abin da ta sani, ta kuma gaya mata wanda ba ta tabbatar ba. Solène ba ta ƙirga ba. Ta ɗora tafin hannu a kan na ƙarshe, ta daɗe, alli ya ɓata mata safar hannu.

"Amma Baban Basile ya ce ta rana ce."

"Bar shi. Kada ki ɓata masa hanci ranar bikin ɗansa."

"To ta yi daɗi ko ba ta yi ba? Ni tsoro ya hana ni jin komai."

Odile ta miƙa mata kofin. Solène ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska, irin ta babanta sak, sannan ta sake kurɓa.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ni ma haka."

Daga sama aka ji Edmond yana kwaɗa kira, wai mai hoto ya ce rana za ta faɗi. Suka nufi matakala. Solène ta tsaya ta nuna jerin da ke kife da haɓa.

"Wannan fa?"

"Wannan tawa ce," in ji Odile, ta gyara mata bayan riga ta tura ta gaba. "Da saura."